AC ɗinka yana yankewa bayan ƴan mintuna? Yadda ake gano abin da ke faɗar da obalod ɗin kwamfuresa

Duk shekara da an shiga watan Afrilu zafi ya fara dukan kwano, kukan mutane ɗaya ne, wai AC yana kunnuwa, fankar ciki tana juyawa, rimot yana amsawa, amma sanyin minti biyar ne ko goma sai ka ji iska ta koma kamar ta fankar sama, in ka fita wajen injin AC ɗin na waje ka tsaya sai ka ji wani gunji huuum na ƴan daƙiƙu, sai ƙas! shiru. Bayan ɗan lokaci ya sake gwadawa ya sake yankewa. Wannan ƙas ɗin da ka ji obalod ne ya yanke wa kwamfuresa wuta, wato injin da ke matsa gas yana zagaya shi a cikin AC.

Toh abin da nake so a fara ganewa tun kafin a ɗauko sukundireba shi ne obalod ba shi ne ciwon ba, mai gadi ne. Ɗan ƙaramin abu ne mai faifan ƙarfe biyu da aka manne, in zafi ya yi yawa ko wutar da kwamfuresan ke ja ta wuce ƙima sai faifan ya lanƙwashe ya raba layin, in ya huce ya koma ya haɗa. A yawancin ƙananan AC na gida yana zaune a saman kwamfuresan ƙarƙashin baƙin murfin roba da ke rufe tamina, wato ƙafafun da ake haɗa wayoyin wuta, wasu kuma a can cikin kwamfuresan aka binne shi kusa da koyil, wato naɗaɗɗiyar wayar motarsa, ba ka ganinsa. Idan ya faɗi yana gaya maka akwai abin da ke wahalar da kwamfuresan ne. Amma sai ka ga an bar jaki ana dukan taiki, wani ya zo ya cire obalod ɗin ya haɗa wayar kai tsaye ya ce ya gyara, AC ya yi sanyi kwana biyu, rana ta uku koyil ya ƙone ƙurmus. Wani kuma ko mita bai ɗora ba zai ce maka "oga kwamfuresa ya tafi sai sabo", alhali wataƙila kafasita ce kawai, ɗan gwangwanin da ke taimaka wa motar ta juya, wadda kuɗinta bai kai kaso ɗaya cikin goma na kwamfuresan ba. Shi ya sa tsarin da zan bi a nan daga mai araha ne zuwa mai tsada, kwamfuresan shi ne na ƙarshe da za a tuhuma.

Kayan da za ka tanada: mitar awon wuta wadda ke iya auna volt da ohm, in da hali wadda ke auna kafasita ma, sai kilam mita wato mai baki kamar filaya da ake maƙalawa a waya a ga amfiya, sukundireba mai hannun roba, burushi mai laushi, tiyo ko bokitin ruwa. Gejin gas na masu sana'ar ne, in ba ka taɓa riƙe shi ba ka bar musu wannan ɓangaren.

Maganar tsaro kuwa dan Allah kar a yi wasa da ita, garin gyaran gira a rasa ido. Kashewa da rimot ba kashewa ba ce, wuta tana nan a jikin injin. Ka sauke bireka ko ka zare fulogi, sannan ka ɗora mita ka tabbatar sifili ne kafin ka sa hannu. Kuma kar ka taɓa ba wa kwamfuresa wuta alhali murfin tamina yana buɗe kana leƙa fuska, domin in tamina ta lalace tana iya fashewa ta feso mai da gas da ƙarfin gaske.

Mataki na farko: ka tsaya ka saurara, ka riƙe agogo

Wannan matakin kyauta ne amma shi ke raba maka hanya. Ka kashe AC ɗin ya huta sosai, aƙalla awa ɗaya, in jikin kwamfuresan ya yi zafin da ba ka iya ɗora tafin hannu to ka ba shi fiye da haka. Sannan ka kunna ka je wajen na waje ka tsaya, ka lura da abu biyu, fankar waje tana juyawa ko a'a, kuma tsawon wane lokaci kwamfuresan yake yi kafin ya yanke.

In gunji kawai ya yi na daƙiƙa uku zuwa goma sai ƙas, bai ma tashi ba ke nan, hankalinka ya tafi kan raunin wuta, kafasita, wayar da ta ƙone, ko kuma kwamfuresan ya cije. In ya tashi lafiya ya yi sanyi na minti goma, ashirin, rabin awa sannan ya yanke, wannan zafi ne ke taruwa, ka nemi datti a kwandensa (siraran ƙarafan bayan injin waje), fanka, ko matsalar gas. In kuma da daddare lafiya lau yake kwana yana aiki sai da rana tsaka daga azahar zuwa la'asar yake yankewa, to kusan ka gama gano ta, injin ba ya samun fitar da zafinsa, ko kuma a lokacin ne wutar unguwarku take faɗuwa saboda kowa ya kunna nasa.

Kar ka ruɗe da jinkirin minti uku da AC ke yi kafin kwamfuresa ya tashi, wannan da gangan aka sa shi don matsin gas na ɓangarori biyu ya daidaita. Masu tsohon AC na taga mai makunnin murɗawa su suka fi shan wannan, a ɗauke wuta a dawo da ita nan take, kwamfuresan ya yi ƙoƙarin tashi a kan matsi, ya kasa, obalod ya faɗi. Wannan ba lalacewa ba ce, haƙuri kawai yake so.

Mataki na biyu: wuta

A nan ƙasar in ka tsallake wannan ka yi aikin banza. Duba takardar da ke manne a gefen na waje, za ka ga an rubuta 220-240V, 50Hz. Abin da aka saba shi ne injin yana jure bambancin kashi 10 cikin ɗari, wato in ta sauka ƙasa da wajen 198 an fara shiga matsala. Mota ce a cikin kwamfuresan, in volt ya yi ƙasa sai ta ja amfiya da yawa don ta yi aikin da aka ɗora mata, amfiya da yawa kuma zafi ne, zafi kuma shi obalod yake jira.

Inda mutane ke kuskure shi ne su auna soket AC yana kashe su ga 215 su ce wuta lafiya. A'a. Ka auna a daidai lokacin da kwamfuresan yake ƙoƙarin tashi, kuma a wajen tamina ɗin na waje in zai yiwu. Na taɓa zuwa wani gida mitar tana nuna 210 a zaune, da kwamfuresa ya yi yunƙuri sai ta faɗo 160 da wani abu, ƙwan falo har dushewa yake yi. Da muka bi layin sai ga shi siririyar wayar fitila aka ja wa AC ɗin tun daga ɗakin baya, an yi haɗi biyu a hanya an naɗe da leda, ɗaya haɗin har ya yi baƙi. Ba mu taɓa AC ɗin ba ko kaɗan, waya kawai aka canza. AC mai doki ɗaya ko ɗaya da rabi yana son waya 2.5mm ta jan ƙarfe na gaske a kan layinsa shi kaɗai, mai doki biyu a ba shi 4mm, kuma in tazarar tana da nisa a ƙara kauri. Ka taɓa fulogi da soket bayan ya ɗan yi aiki, in sun yi zafi ko kana jin warin roba to haɗin ya saki.

In kuma wutar ce daga taransifoma take zuwa a raunane, wato lo-karan ɗin da muka sani, to ko ka canza layi in gidan yana da fes uku, ko ka sa sitabilaiza mai ƙarfin da ya fi na AC ɗin nesa, yawanci 5000VA ake sa wa na gida, kuma ka danna maɓallin jinkirin da ke jikinta, mutane suna kashe shi don gaggawa. Haka janareta, ƙaramin nan da ke ɗaukar fanka da talabijin ba zai tayar da kwamfuresa ba, domin a daƙiƙar tashi yana jan ninki biyar zuwa shida na abin da yake ja in yana tafiya. In ka ji janaretan ya shaƙe kamar zai mutu duk lokacin da AC zai tashi, ka san inda matsalar take.

Mataki na uku: kwandensa da fanka da wurin da aka ajiye injin

Wannan shi ne wanda na fi gani, wallahi fiye da komai. AC ba ya ƙirƙirar sanyi, zafin ɗaki yake kwashewa ya kai waje ya zubar ta waɗannan siraran ƙarafan da ke bayan injin. Toh ka tuna ƙurar hunturu daga Disamba har Fabrairu tana shiga tana zama a tsakaninsu, ga gashin kaji ga ledar ruwa ga audugar rimi, wani gidan ma kusa da madafa aka kafa shi hayaƙi da maiƙo suna mannewa. Lokacin sanyi ba wanda ya kunna balle ya lura, sai bazara ta zo a kunna shi haka nan da bargon ƙura a jikinsa. Zafi ba ya fita, matsin gas ya hau, kwamfuresa ya yi ta dako, amfiya ta hau, ƙas.

Ka haska tocila ta baya ka leƙa ta gaba, in ba ka ganin haske ta tsakanin ƙarafan to ya toshe, ko da daga waje yana kama da mai tsabta. Ka kashe wuta, ka share da burushi daga sama zuwa ƙasa yadda ƙarafan suka jeru, kar ka goga a kwance za su lanƙwashe su ƙara toshe hanya. Sannan ruwa, in ka iya cire murfin sama ka watsa daga ciki zuwa waje ya fi, domin dattin ya koma ta inda ya shigo, ka rufe akwatin wayoyi da leda, kuma ban da injin wankin mota mai matsi da ƙarfi a kusa. Ka ga ruwan da zai fito, kamar kunun kanwa. Ka bari ya bushe kafin ka mayar da wuta. Filtar na ciki ma ka zare ta ka wanke, minti biyar ne.

Fanka kuma, wuta a kashe ka tura ta da sanda, ya kamata ta juya sumul ta ɗan ci gaba da kanta. In ta yi tauri ko tana ƙara bushin ko boris ya ci. In tana juyawa da hannu amma da wuta sai an tura ta, ko tana tafiya a hankali kamar mai jin barci, ƙaramar kafasitarta ce, yawanci tsakanin 1.5 da 3 maikurofarad (µF, ma'aunin kafasita) take. Akwai kuma muguwar, wadda take tashi lafiya sai ta yi minti ashirin motarta ta yi zafi ta tsaya, bayan minti biyu kwamfuresa ya bi ta, kai kuma kana ciki ba ka gani ba sai ka ɗora wa kwamfuresa laifi. Shi ya sa na ce ka tsaya a wajen ka ga wa ya fara tsayawa.

Sai wurin zama. Saboda ɓarayi muna yi wa na waje keji, ba laifi, amma wani kejin sai a yi shi da faranti ko a gina masa akurki da bulo, iskar zafin da fanka ta hura ta daki bango ta dawo ta sake shiga ta baya. A bar masa wajen ƙafa ɗaya, kamar santimita 30 ta baya da gefe, gabansa kuma a buɗe sosai. In rana tana dukansa kai tsaye a yi masa rumfa daga sama can, ba a rufe shi ba. Wani abin da ba kowa ya sani ba, a takardar jikin injin akwai inda ake rubuta T1 ko T3. T1 an yi shi ne don wuraren da zafin waje bai wuce digiri 43 ba, T3 kuwa har 52. Wanda ke Sakkwato ko Maiduguri ko Yola ya san Afrilu da Mayu ana haura 40 a inuwa, balle a kan dakalin bene da rana take gasa shi. Saboda haka wasu na hannu da ake shigowa da su daga ƙasashen sanyi, lafiyarsu ƙalau, yanayin ne ya fi ƙarfinsu, in za ka sayi sabo ka duba wannan.

Mataki na huɗu: kafasita da wayoyin tamina

Buɗe murfin gefe inda wayoyi suke shiga, za ka ga wani gwangwani mai ruwan azurfa, ita ce. Aikinta ta ba wa koyil na biyu wutar da za ta sa motar ta juya, in ta mutu kwamfuresa sai gunji ba tashi, in ta yi rauni kuma zai tashi amma yana jan wuta da yawa yana zafi. Zafi da wutar da ke hawa da sauka su ke kashe ta, kaga kuwa mu duka biyun muna da su.

Ka ɗauki hoton wayoyin da wayarka kafin ka zare komai, wannan ya ceci mutane da yawa. Ta kan riƙe caji ko bayan an kashe wuta, saboda haka ka sauke cajin, mafi kyau da resista, in babu ka haɗa ƙafafunta da sukundireba mai hannun roba ba tare da ka taɓa ƙarfen ba. In samanta ya kumbura ko mai yana tsatsa, ba sai an auna ba, ta gama. Amma rashin kumburi ba shaida ba ce, ka zare wayoyin ka sa mita a awon kafasita. A jikinta za ka ga misali 35µF ±5%, to in mita ta nuna 34 lafiya, in ta nuna 26 ko 12 a canza. Wasu masu ƙafa uku ne, C da HERM da FAN, wato ta kwamfuresa da ta fanka a gwangwani ɗaya, ka auna C da HERM sannan C da FAN.

Wajen saye ka tafi da tsohuwar kasuwa. Lambar maikurofarad ta zama daidai da ta asali, kar wani ya ce maka ka sa 60 a inda 35 take wai ya fi ƙarfi, koyil ɗin tashi za ka dafa. Volt ɗinta kuwa 450 ko sama, wannan in ya fi ba matsala. Kuma ka sa a auna maka sabuwar a gabanka a shagon, akwai jabu da yawa, araha ba ta ado.

Tunda kana wurin ka buɗe baƙin murfin saman kwamfuresan ka duba wayoyi ukun. In kan wata ya yi baƙi, ko robar ta narke, ko tana girgiɗi in ka taɓa, wannan kaɗai ya isa, domin haɗin da ya saki yana yin zafi kuma obalod ɗin yana nan gefensa yana jin zafin. Ka yanke wurin da ya ƙone ka sa sabon kai mai kamawa tsam.

Mataki na biyar: amfiya

Ka mayar da komai ka rufe, ka maƙala kilam mita a waya ɗaya tak, mai wuta, in ka haɗa biyu sifili za ka gani. A takardar injin akwai amfiyar aiki, wani lokaci RLA ake rubutawa, a jikin kwamfuresan kuma akwai LRA wato abin da yake ja in ya cije bai juya ba. A ƙiyasi mai doki ɗaya yana cin 4 zuwa 5, ɗaya da rabi 5 zuwa 6 da ɗori, doki biyu 8 zuwa 9, amma abin da ke rubuce a naka shi ne alƙali.

Lafiyayye zai yi tsalle sama na ƙiftawar ido ya dawo ya zauna kusa da lambarsa. In ya hau 20 ko 30 ya tsaya a can har obalod ya yanke, bai juya ba. In ya fara daidai sannan yana ta hawa a hankali har ya wuce lambarsa, matsi ne ya yi yawa, ko datti ko fanka ko gas ya yi yawa ko iska ta shiga layi. In amfiyar tana ƙasa sosai amma jikin kwamfuresan kamar garwashi, gas ne ya yi kaɗan. In kuma komai daidai, amfiya daidai, jiki ba zafin a zo a gani, amma yana yankewa, a nan ne kawai za ka ce obalod ɗin da kansa ya gaji, kuma in na waje ne ana canza shi da mai lamba irin tasa, ba kowane aka samu ba.

Mataki na shida: gas

Mutane suna mamakin yadda ƙarancin gas ke kawo zafi. Gas ɗin da ke dawowa daga ɗaki a sanyaye shi ke taimakawa wajen sanyaya kwamfuresan, in ya ragu sai injin ya yi ta juyawa ba mai huce shi. Alamarsa ba sai da geji ba, ƙaramin bututu ya yi farin ƙanƙara a wajen bawul, babban kuma da ya kamata ya yi sanyi yana gumi sai ka ji shi salam, sannan ka duba wajen notocin haɗi, in ka ga maiƙo da ƙura ta manne a kai nan ne yake yoyo, ruwan omo zai nuna maka kumfa. Gas ba fetur ba ne, ba ya ƙarewa don an yi aiki da shi, in ya ragu akwai ɓula, duk wanda ya ƙara maka gas bai toshe ta ba zai dawo wata mai zuwa ya sake karɓar kuɗi.

Yawansa ma matsala ce, kuma ita ce ake yawan jawowa da hannu. AC ba ya sanyi saboda datti, mai gyara ya zo ya ɗura gas a kai, yanzu ga datti ga gas ya yi yawa, kwamfuresan da da yake lallaɓawa sai ya fara faɗuwa. In matsalarka ta fara ne bayan an ƙara gas ko bayan an sauya wa AC wuri, ka fara zargin nan. Haka in an haɗa ba a yi bakyum ba, wato ba a zuƙe iskar cikin bututu da famfo ba, iska da laima suka zauna a layin, ko aka manta ba a buɗe bawul ɗin da alanki har ƙarshe ba, ko bututu ya karye a lanƙwasa.

A gejin ɓangaren babban bututu yana aiki, R22 yakan zauna wajen 60 zuwa 75 psi, R410A da R32 kuwa wajen 115 zuwa 140, ya danganta da zafin ranar. Amma hanya mafi inganci ita ce a toshe ɓula, a yi bakyum, a ɗura da sikeli daidai giram ɗin da aka rubuta a jikin injin. Ba a gauraya su, kowane da nasa, kuma R32 yana iya kama wuta saboda haka ba a kawo masa wutar walda alhali yana cikin layi.

Mataki na bakwai: yanzu ne za a tuhumi kwamfuresan

Wuta a kashe, ka zare wayoyi ukun, za ka ga C da R da S a rubuce a murfin ko a gefe. Sa mita a ohm mafi ƙanƙanta. C zuwa R shi ne mafi ƙarami, C zuwa S ya ɗan fi shi, R zuwa S kuma jimillar biyun ne, misali in ka samu 3 da 4 to na ukun ya zama wajen 7. Sannan kowace ƙafa ka auna ta da jikin kwamfuresan ko bututun jan ƙarfe da ka ɗan kankare, nan bai kamata mita ta nuna komai ba, in ta nuna to koyil ya taɓa jiki, ya mutu, kuma irin wannan yawanci bireka yake faɗarwa.

Ga tarkon da ya sa aka zubar da kwamfuresa masu rai da yawa. In mai obalod a ciki ne kuma yana da zafi, za ka ga C zuwa R babu, C zuwa S babu, amma R zuwa S akwai. Wannan ba ƙonewa ba ce, obalod ne bai rufe ba tukuna, kuma yana iya ɗaukar awanni domin ƙarfen yana da kauri. Ka jiƙa tsumma ka lulluɓa masa, ko ka riƙa zuba ruwa a hankali a jikinsa ban da wajen tamina, ka sake aunawa. Sai in ya huce sarai har ya kwana bai dawo ba sannan a yanke hukunci.

In koyil lafiya, wuta lafiya, kafasita sabuwa, amma har yanzu yana tsayawa a LRA, ya cije. Akwai abin da ake ƙarawa mai ba shi ƙarfin tashi, had-sitat, wani lokaci yana tayar da shi ya yi wata shida ko shekara, wani lokaci ko gezau. Ni dai ina gwadawa sau ɗaya ko biyu, in bai tashi ba na haƙura, kuma ina gaya wa mai gida gaskiya cewa jinya ce ba warkewa ba.

Masu AC inbata ku lura, naku daban ne. Ba shi da waccan kafasitar ta kwamfuresa, ƙafafunsa U da V da W ne kuma awonsu ukun daidai yake fitowa, sannan kar a kuskura a ba shi wutar NEPA kai tsaye don gwaji. Allon lantarkin da ke cikin na waje yana riƙe wutar DC wajen volt 310 ko bayan an kashe, ka jira minti goma ka auna kafin ka taɓa. Shi yana faɗa maka ciwonsa da lamba a fuskar na ciki, a Gree H3 kariyar obalod ɗin kwamfuresa ce, a Midea P2 zafin saman kwamfuresa ne P1 kuma wuta ta yi sama ko ƙasa, a LG CH21 wutar da ta wuce ƙima ce a ɓangaren allon da ke tuƙa kwamfuresa. Kowane kamfani da lambobinsa, ka duba littafin naka. Amma wuta da wanki da fanka da gas duk yadda na faɗa suke, ka gama da su kafin a ce maka allo ne, kuma a duba ɗan sensan da ke manne a bututun da ke fita daga kwamfuresa, in ya lalace ƙarya yake yi wa allon.

In ta tabbata sai an canza kwamfuresan, ka tsaya a kai a sa mai ƙarfi ɗaya da na gas ɗin da injin ke amfani da shi, da sabuwar kafasita da obalod nasa, in tsohon ƙonewa ya yi a wanke layin domin man da ya ƙone yana zama asid ya ci sabon, a yi bakyum da famfo ba a hura gas a ce an kori iska ba. Sannan kar ka sallami mai aikin da safe da ya ga sanyi ya fito, ka ce ya dawo da kilam mitarsa wajen ƙarfe biyu na rana, a kunna a bar shi ya yi minti arba'in ana kallon amfiyar.